Kiɗan Gargajiyar Arewacin Turai da Abin da Kunne Ke Nema a Cikinsa

Nau'o'in kiɗa biyu ne suka haɗu a kunnen masu sauraro a Turai da Amurka har aka fara yi musu kallon 'yan gida ɗaya. Na farko shi ne wanda ake kira dark ambient, wato kiɗan da ba ya dogara da kari ko amshi, sai dai dogon amo mai zurfi wanda ke jawo wa mai sauraro jin kaɗaici da fargaba, kamar yadda faifan Heresy na Lustmord ya nuna a 1990. Na biyu kuma kiɗan gargajiya ne mai kama da na bukukuwan tsafi, wanda ƙungiyar Wardruna, da Einar Selvik ya kafa a birnin Bergen na ƙasar Norwe a 2003, ta buɗe masa hanya, sannan Heilung ta biyo baya a 2014.

Da yawa daga masoya nau'i na biyu sun ɗauka cewa kiɗan Baikin suke ji, wato mayaƙan teku na Sikandinabiya da suka yi tashe tsakanin 793 da 1066, musamman da yake wasan talabijin na Vikings ne ya gabatar musu da shi. Wannan zato ba shi da tushe, domin babu karin waƙa ko ɗaya na wancan zamani da ya iso yau a rubuce, kuma mafi daɗewar karin waƙar da ba ta addini ba da aka samu a yankin yana cikin littafin Codex Runicus na wajajen 1300. Abin da ya rage shi ne baitocin tsoffin mawaƙa, da rubutun runa da aka sassaƙa a duwatsu, da ɓurɓushin kayan kiɗa. A kan haruffa 24 na tsohon rubutun runa ne Wardruna ta gina faifai uku na Runaljod daga 2009 zuwa 2016, amma karin sabo ne, ƙirƙirar mutanen yau.

Duk da haka kuskure ne a ce an yaudari mai sauraro, domin abin da ya kama zuciyarsa na gaske ne. Yana jin fatar ganga, da ƙahon akuya, da ƙarar ƙashi, da muryar tagelharpa, wadda ake goga wa tsagiyar doki kamar yadda ake yi wa goge, a zamanin da kwamfuta ta share kowace gargada daga sauti. Yana kuma samun jinkiri da maimaici, waɗanda su ne suka haɗa wannan kiɗa da dark ambient, domin dukkansu haƙuri suke nema daga kunne, ba rawa ba.

Saboda haka ya kamata manazarta su auna wannan kiɗa a matsayin fasahar ƙarni na 21 wadda ta ari kayan magabata, su daina tuhumarsa da gaza zama shaidar tarihi.