Giya, Burukutu da Tsiro: Sunayen da Dawa Ke Ɗauka Bayan Ta Bar Gona

Manomin Funtua ya san dawarsa da suna. Zai ce maka wannan kaura ce, mai launin ɗorawa, waccan kuma farafara. Amma da zarar buhu ya hau mota, sai dawar ta shiga wasu sunaye da ba shi ya raɗa ba, wasunsu ma ba ya son a ambata a ƙofar gidansa.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce giya. Tun kafin kwalba ta iso ƙasar Hausa kalmar take, kuma abin da take nufi a da shi ne abin shan da ake dafawa da dawa ko gero a bar shi ya yi ƙarfi. Da ita malamai ke fassara "hamru" a wurin tafsiri, shi ya sa ta faɗaɗa ta rufe duk wani ruwa mai sa maye. Barasa kuwa ta fi karkata ga ta Turawa, mai zafi, wadda ke zuwa a kwalba. Akwai bammi na itacen kwakwar manja. Akwai kuma fito, wadda matasa da yawa ba su taɓa ji ba, alhali a arewacin Gana har yau ana cewa pito. Wanda ya san yadda "f" da "p" ke musanya a bakin Bahaushe ba zai rasa gane zumuncinsu ba.

Burukutu ce aka fi jinginawa ga ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Kafur, inda mai bincike Murray Last ya zauna a cikinsu wajen 1970. Su kansu sunansu ana danganta shi da "majus" na Larabci, kalmar da ta zo a Suratul Hajji. A wurinsu dafa giya aikin mata ne, kuma tana tafiya da gayya da biki. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe na 'yan kwanaki har ta fitar da saiwa, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a ajiye ta ta tashi. Tun da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000 sana'ar ta ƙara janyewa daga idon jama'a.

Kalmar da ta fi riƙe ni a duk wannan ita ce tsiro, wato hatsin da aka bari ya fara tsira sannan aka busar. Ita ba ta da ɓangare. Mai kunun zaƙi tana zuba ɗan tsiro don kununta ya saki ya yi zaƙi, domin hatsi in ya fara tsira yakan soma juya garinsa ya koma sukari. Ta tsaya a nan, ta sayar kafin ya kwana. Mai burukutu ita ce ke barin sukarin ya wuce gaba. Tazarar da ke tsakanin halal da haram a tukunyar nan kwanaki ne kawai, kuma iyayenmu mata sun san iyakar ba tare da ma'auni ba.

Tsiron nan ne kuma kamfanoni ke kira malt. A Bavariya ta Jamus, dokar 1516 ta taƙaita giya ga ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci, kuma da sha'ir ɗin waje kamfanonin Nijeriya suka daɗe suna aiki, har da masana'antar Nigerian Breweries da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1963. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi a 1988, sai suka waiwayi dawa, irin su gajeren kaura na cibiyar binciken noma ta Samaru. Daga nan dillalai suka riƙa cika manyan motoci daga kasuwannin yankinmu.

A kasuwa ba a cewa "ta giya ce". Cewa ake "kamfani ke saye", kuma akwai gaskiya a ciki, tunda tsiro ɗaya ke shiga giyar kwalba da Maltina, wadda ba ta sa maye. Ita ce muke sa wa baƙo a faranti ranar suna, har sunanta ya zama na duk wani lemo irinta: ko wane kamfani ya yi, yaro zai ce a ba shi maltina.