Kalmar “Frequency” da Yadda Mita Ta Gaje Ta a Bakin Hausawa

A cikin kalmomin Ingilishi da malaman makaranta ke fama da su wajen juyawa Hausa akwai wadda ake rubutawa frequency. Ma'anarta a taƙaice ita ce yawan aukuwar abu cikin wani ƙayyadadden lokaci, watau sau nawa ya faru a daƙiƙa, ko a yini, ko a shekara. Likita yana aiki da ita in yana lissafin masu cuta, injiniya kuma in yana maganar lantarki ko rediyo. Hausa ba ta are ta ba yadda ta ari mota da tebur da asibiti, ba ta kuma ƙera mata kalma guda ba. Sai ta rarraba aikinta gida gida, babban gidan kuwa ya faɗa hannun wata kalma wadda asalinta ke auna wani abu dabam. Yadda haka ta auku shi za a bi diddiginsa a nan, tare da misalai irin na zaman karkarar kudancin Kano, wajen Rano da Kibiya da Nariya.

Tushen kalmar daga Latin ne, inda frequentia ke nufin cinkoson jama'a, kamar taron kasuwa ko na majalisa. Da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. A ƙarni na 17 ta soma nufin yawan maimaituwar abu, sa'an nan a ƙarni na 19 masana kimiyya suka ɗauke ta suka mai da ita awo, mai lamba, don ƙidaya kaɗawar sauti da ta haske. Abin sha'awa, Hausa ta bi irin wannan hanya da ƙafarta, ba tare da ta san Latin ba. Kalmar “cika” da ake faɗi ga tulu ko ga masallaci ran Jumma'a, ita ce dai a cikin “ya cika surutu” da “bai cika zuwa nan ba”. Haka “yawa” take, ana yawan mutane, ana kuma yawan zuwa. Matakai biyu na farko ke nan harsunan suka taka tare. A na uku, na awo da lamba, aka rabu.

Ba rashin kayan aiki ya kawo haka ba. Nahawun Hausa kansa yana ɗauke da maimaituwa: akwai “kan” ta al'ada, kamar “yakan je”, akwai ninka gaɓar aikatau, kamar “ya kakkama” da “ta tattambaya”. Akwai kuma jerin kalmomi masu hawa hawa, daga “kullum” da “a kai a kai” da “bini-bini”, zuwa “lokaci-lokaci” da “jefi-jefi”, har a kai ga “ba safai ba”. Wanda ya buɗe ƙamus na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, zai tarar da dukiya irin wannan jibge. Amma duk siffanta abu suke yi, ba su auna shi.

In Bahaushe ya zo lissafi na sosai, tazarar da ke tsakanin aukuwa da aukuwa ya fi ƙirgawa. Mutumin Nariya, a ƙasar Kibiya, ba ya cewa kasuwa tana ci sau 52 a shekara. Cewa zai yi tana ci mako mako, ya kuma kira ranar da sunanta. Mai mata biyu yana raba kwana bibbiyu ne. Manomin da ya shuka dawa da gero bayan ruwan farko, abin da ke hana shi barci shi ne kwana nawa za a yi kafin na biyu ya sauka, domin in tazarar ta yi tsawo shuka ta ƙone sai a sake, ko da jimlar ruwan shekarar ta zo da yawa daga baya. Wannan hanyar lissafi daidai take da waccan, sai dai a juye: in tazara ta ragu yawa ya ƙaru, in ta ƙaru yawa ya ragu.

Babu waɗanda suka san wannan juyi kamar fatake. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, har kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar watanni yake yi, kuma da zango ake auna ta. Zango shi ne masaukin ayari, shi ne kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Kowane madugu ya san in zango gajere ne sauka za ta yi yawa, in dogo ne ta yi kaɗan, alhali hanyar ɗaya ce. Wannan kalma ce aka ɗauka, da zuwan rediyo, aka ce gajeren zango da matsakaicin zango da dogon zango. Dabara ce ta gwani, domin abin da masana ke aunawa a nan shi ne nisan da ke tsakanin tudun wata igiyar rediyo da tudun mai bi mata, kamar raƙuman ruwa a bakin tafki.

Heinrich Hertz, Bajamushe, shi ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888 a Karlsruhe. BBC ta soma watsa shiri ga ƙasashen da Ingila ke mulka a watan Disamba na 1932, daga Daventry, a kan gajeren zango. A Nijeriya da farko ta waya ake raba shirin zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da dandali, a Legas daga 1935, a Kano daga 1944. Irin wannan akwati ba shi da abin murɗawa don neman tasha, saboda haka mai saurare ba ya bukatar sanin wata lamba. Bukatar ta taso ne da aka sami akwatin da ke kamo magana daga iska, tashoshi kuma suka yawaita. Sashen Hausa na BBC ya buɗe ran 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gidan rediyon Jihar Arewa ya soma aiki a Kaduna a 1962. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka shigo da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. A tsakanin nan ƙaramar rediyo mai batir, wadda ta fara fita kasuwa a Amurka a 1954, ta yi araha har ta isa ƙauyukan da lantarki bai je ba, ana rataye ta a kafaɗa ko a ƙahon keke.

To, al'adar Ingila a lokacin ita ce a faɗi wurin tasha da tsawon igiyarta, a ma'aunin mita, kuma haka aka rubuta a fuskar akwatuna da yawa. Sai mai gabatarwa ya ce za a same su a kan mita 16 da 19 da 25 da 31 a gajeren zango. Maganar daidai take ƙwarai, domin mita a nan mitar tsawo ce, irin wadda tela ke auna yadi da ita. Amma makiyayi ko manomi da ke murɗa akwatinsa da asuba a bayan garin Rano bai ga wani tsawo ba. Lamba ya gani, da allura mai tafiya a kanta. A kunnensa “mita” ta zama sunan wurin da tasha take zaune.

Su kuwa masana tuni sun fi son ɗaya awon, watau sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa guda, wanda shi ne frequency na ainihi. A 1960 babban taron ma'aunai na duniya ya tabbatar da sunan Hertz a kan wannan awo: kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ce haz ɗaya, dubu kilohaz, miliyan megahaz. Lissafin da ke haɗa awon biyu ba wuya. Igiyar rediyo tana gudun haske ne, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka in an raba 300 da yawan megahaz sai a sami tsawon a mita. Tashar Kaduna da aka daɗe ana kamawa a kilohaz 6090, tsawon igiyarta mita 49 ne da ɗoriya, shi ya sa aka san ta a mita 49. Lissafin madugu ne dai: gajeren zango, yawan sauka.

Rikicewar ta fito fili da zuwan tashoshin FM. Harafin farko na wannan suna ma daga kalmar frequency yake, dabarar kuwa Edwin Armstrong na Amurka ya yi mata rajista a 1933. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin kafa gidajen rediyo a Nijeriya, Freedom Radio kuma ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003, a kan megahaz 99.5. Tashoshin FM da megahaz kaɗai ake kiransu ko'ina. Amma bakin da ya saba ba ya sakewa, sai aka ci gaba da cewa “a kan mita 99.5”. In da za a ɗauki maganar a kan asalinta, igiya mai tsawon mita 99.5 tana kaɗawa ne wajen sau miliyan 3 a daƙiƙa, wuri mai nisa ƙwarai daga inda tashar take. Tsawon igiyar tashar na gaskiya mita 3 ne da ɗan kaɗan. Kalmar da aka aro don auna tazara ta koma sunan yawa, har akan ji an ce “mitar tasha” ana nufin lambar megahaz ɗinta.

A kasuwa da gida babu wata ɓarna a cikin wannan. Kowa yana samun tashar da yake nema, kuma harsuna sun saba juya aro yadda suka ga dama. Ai Ingilishi ma cinkoson jama'a ya ara ya mai da shi kaɗawar haske. Wurin da abin ke ciwo aji ne. Yaron da ya tashi a Nariya yana jin “mita 99.5” tun yana goye, ran da malamin kimiyya ya ce masa tsawon igiya da mita ake auna shi, yawan kaɗawa kuwa da haz, kuma in ɗaya ya hau ɗaya sauka yake yi, sai abin da ya sani ya yi karo da abin da ake koya masa. Zai ɗauka tashar mita 99.5 ta fi ta mita 49 tsawon igiya ninki biyu, alhali ta 49 ɗin ce ta fi tsawo, har ninki 16.

Hukumomin da suka yi aikin daidaita kalmomi ba su yi ƙaranci ba: Hukumar Fassara da Rupert East ya shugabanta a Zariya a shekarun 1930, Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969. Sai dai littafi a hannun ɗalibai kaɗan yake, mai gabatarwa kuwa yana maimaita lambar tasharsa safe da rana da dare a kunnen miliyoyi, don haka tasa ta zauna. Malamin da ke horar da malamai ya fi dacewa ya bar wa rediyo mitarta, a aji kuwa ya raba abin uku: “yawan aukuwa” ga lissafin cuta da ruwan sama, “yawan kaɗawa” ga sauti da lantarki da rediyo, “tsawon zango” ga abin da ake aunawa da mita ta gaskiya. In ɗalibi ya rikice, a zana masa hanyar Kano zuwa Salaga a allo, a raba ta zango 30, a sake raba ta zango 60, a tambaye shi a wace tafiya aka fi sauke kaya.