Tarihin Sana'ar Duba Gidaje da Takardar Shaidarta a Amurka da Kanada

Sana'ar da zan kawo tarihinta yau ƙarama ce idan aka gwada ta da likitanci ko aikin lauya, amma abin da ke rataye a kanta ba ƙarami ba ne. A Amurka da Kanada yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, bashin da kan kai shekara 25 ko 30 ana biyansa. Kafin a ƙulla ciniki, mai saye yakan ɗauko wani mutum ya biya shi, shi kuwa ya yi awa biyu ko uku yana duba rufi da harsashin gini da wayoyin lantarki da bututun ruwa da na'urar ɗumama ɗaki, sa'an nan ya rubuta rahoto. Bisa wannan rahoto ne magidanci zai jefa gumin rayuwarsa. To, wa ya shaidi cewa shi mai duban ya san aikinsa?

Da can babu mai tambayar haka, domin dokar da ƙasashen nan suka gada daga Ingila cewa ta yi mai saye ya buɗe idonsa. In ya yi cinikin biri a sama, ruwansa. Mutum yakan kira kawunsa magini ko wani abokinsa kafinta su zagaya gidan, shi ke nan. Sai a shekarar 1976 waɗansu masu wannan aiki suka kafa Ƙungiyar Masu Duba Gidaje ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta ASHI, suka tsara wa kansu ƙa'idojin aiki. Ƙa'idojin sun ce duba na ido ne, watau mai duba ba zai fasa bango ko ya tone ƙasa ba, abin da ke bayyane kaɗai zai ba da shaida a kansa. Sun kuma hana shi karɓar aikin gyaran gidan da ya duba sai bayan shekara guda, suka hana shi ba dillali lada don ya riƙa turo masa masu saye. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ne ƙashin bayan al'amarin, gama dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, mai duba kuwa wani lokaci amfaninsa shi ne ya ɓata ciniki.

Abin da ya bunƙasa sana'ar kotu ce. A 1984 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Jihar Kaliforniya ta yanke hukunci a shari'ar Easton da Strassburger, game da wani gida da aka gina bisa ƙasar ciko. Bayan an saya ƙasa ta zabtare, harsashi ya tsage, darajar gidan da aka biya dala 170,000 ta faɗi ƙwarai. An tabbatar cewa dillalan sun ga alamu, har da daɓen da ya karkace, amma suka yi gum. Kotu ta ce wajibi ne dillali ya bincika, ya kuma faɗi aibin da ya gani. Daga nan dillalai, don su sauke wa kansu nauyi, suka shiga cewa masu saye su nemi mai duba, aiki ya yawaita, kowa da tsani da tocila ya ce shi ma gwani ne.

Jihar Teksas ce ta fara sa doka a 1985, ta kuma mai da ita ta lasin sosai a 1991. A 1999 aka kafa hukuma mai zaman kanta don shirya jarrabawar ƙasa ta masu duba gidaje, mai tambayoyi 200. Amma fa a lura da kalmar "ƙasa" ɗin nan, kada ta ruɗe mu. A tsarin tarayya irin nasu ikon ba da lasin sana'a na jihohi ne, saboda haka jarrabawar ba ta ɗaure kowa sai inda jiha ta karɓe ta. Jihohi fiye da 30 suna neman lasin, sauran ba sa nema, kuma abin mamaki, Kaliforniya da ta tayar da maganar tana cikin waɗanda ba sa nema.

Kanada ma haka ta sha. Ƙungiyar masu sana'ar ta fito da shirin takardar shaida ta ƙasa da taimakon hukumar gidaje ta tarayya, amma shiga ganin dama ne, wanda bai shiga ba ba a hana shi aiki. Lardin Biritish Kolombiya ne ya fara tilasta lasin a 2009, Albata ta biyo baya a 2011. A wannan shekara ta 2009 Babbar Kotun Biritish Kolombiya ta saurari ƙarar waɗansu ma'aurata da mai duba ya gaya musu gyaran katakan da ke ɗauke da gidan bai wuce dala 20,000 ba, alhali ruɓewar ta ci gaba ainun, har kuɗin gyara ya ninka haka wajen sau goma. Ya nemi fakewa da wani sharaɗi na yarjejeniyarsu, mai cewa ko ya yi kuskure ba zai biya fiye da kuɗin aikinsa ba, 'yan ɗaruruwan daloli ke nan. Alƙali ya ƙi, ya umarce shi ya biya kusan dala 200,000. A 2016 lardin ya haramta rubuta irin wannan sharaɗi gaba ɗaya.

Ontariyo kuwa, lardin da ya fi kowane yawan jama'a, majalisarsa ta zartar da dokar duba gidaje a 2017, amma shekaru suka yi ta shuɗewa ba a fara aiki da ita ba.