Jami'ar Tartu: Yadda Harshen Manoma Ya Shiga Ɗakin Lacca

A watan Yunin 1632, yana sansanin yaƙi kusa da birnin Nuremberg, Sarki Gustav Adolf na Suwidin ya rattaba hannu a takardar kafa jami'a a Tartu, wani gari da ke bakin kogin Emajõgi a ƙasar Estoniya ta yau. Gwamnan yankin, Johan Skytte, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan batun. Sarkin kuwa bai ga abin da ya shuka ba, don kafin shekarar ta fita an kashe shi a fagen daga a Lützen.

Makarantar ta sha wuya tun tana ƙarama. Yaƙi ya kore ta zuwa Tallinn a 1656, ta dawo, aka sake kwashe ta zuwa Pärnu a 1699, ta rufe ƙofa a 1710 da sojojin Rasha suka ci yankin. Sai bayan shekara 92 Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya ya sake buɗe ta, wannan karon da Jamusanci maimakon Latin.

Sunanta ya fita duniya a wannan zamanin. Wilhelm Struve ya kafa katafaren madubin hangen taurari a kan tudun Toome a 1824, ya kuma jagoranci awon doron ƙasa mai tsawon kilomita 2,820, daga arewacin Norway har gaɓar Baƙin Teku. Karl Ernst von Baer, wanda ya gano ƙwan haihuwa na dabbobi masu shayarwa a 1827, a nan ya yi karatun likita. Sai dai waɗannan duk Jamusawa ne ko 'ya'yan iyayengijin ƙasa masu jin Jamusanci. Ɗan asalin Estoniya yana gona. Bautar da ta ɗaure shi ga mai fili ma ba a soke ta ba sai a 1816 da 1819.

Ƙalilan daga cikin 'ya'yan manoman suka kutsa. Kristjan Jaak Peterson ya shiga jami'ar, ya rubuta waƙoƙi da harshen uwarsa, ya rasu yana ɗan shekara 21. Ranar haihuwarsa, 14 ga Maris, ita ce ranar harshen uwa a ƙasar yanzu. Friedrich Kreutzwald, ɗan bayi da ya zama likita, ya harhaɗa tatsuniyoyin mutanensa cikin littafin Kalevipoeg. Tutar ƙasar ma, mai shuɗi da baƙi da fari, asalinta ta ƙungiyar ɗalibai ce, aka yi mata addu'a a Otepää a 1884.

A ganina babbar ranar jami'ar ita ce 1 ga Disamban 1919. Ana tsaka da yaƙin neman 'yanci, aka buɗe ta da harshen Estoniya, harshen da masu jinsa ba su wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba, kuma ba shi da kalmomin tiyata ko na lissafin taurari. Ba su jira kowa ba. Johannes Voldemar Veski ya zauna da likitoci da masana tsirrai da lauyoyi, fanni bayan fanni, suna ƙera dubban kalmomi daga saiwar harshen kansa. Malaman da aka rasa aka ɗauko su daga Finland da Suwidin, kafin na gida su taso.

Suka kuwa taso. Ludvig Puusepp ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ernst Öpik, a 1922, ya ƙiyasta nisan tarin taurarin Andromeda, ya nuna cewa yana can wajen namu tarin. Mulkin Sobiyet ya zo ya takura wa malamai, amma karatu da harshen gida bai tsaya ba, kuma a 1974 Jaan Einasto da abokan aikinsa na cibiyar taurari ta Tõravere suka kawo hujjar cewa akwai wani abu mai nauyi da ido ba ya gani kewaye da tarin taurari.

Yau jami'ar ce ke riƙe da rumbun ƙwayoyin halitta na ƙasa, inda mutum sama da 200,000, wato kusan ɗaya cikin biyar na baligan Estoniya, suka ba da jininsu don bincike.