Matoshin silikon mai huda

matoshin silikon mai huda (suna, namiji; jam'i: matosan silikon masu huda). Matoshi ne na robar silikon, ƙasansa ya fi samansa tsukewa, da huda ɗaya ko biyu a tsakiya. Ana toshe bakin kwalba ko tulun gilashi da shi, a zura bututu ko ma'aunin zafi ta hudar.

A ɗakin gwaje-gwaje ana son sa saboda yana jure zafi. Ana dafa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya narkewa, kuma ba ya saurin tsagewa kamar baƙar roba. Fetur dai yana kumbura shi.

Wajen tsimi, idan yisti ya kama cin sukari, iskar kabon-dayoksaid na fita ta lanƙwasasshen bututu mai ɗan ruwa a ciki, wanda aka zura ta hudar matoshin. Ruwan na ɓulɓul, iskar waje da ƙuda kuwa ba su samun shiga.

Kafin a zura bututun gilashi a jiƙa shi, a riƙe kusa da bakinsa, a murɗa a hankali. Mai gaggawa kan yanke tafin hannu. Bakin kwalba kuma a goge shi ya bushe, in ba haka ba matoshin ya sulluɓe.

*Misali:* Malam, wannan matoshin ya yi wa kwalbar kaɗan.