Yadda aka koyi tatso man da ya maƙale a dutse

Ɗanyen mai a cikin ƙananan ƙofofin dutse yake maƙale, shi ya sa rijiya ba ta taɓa ba da shi duka. Bayan rijiyar Drake ta 1859 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, masu haƙa sun ga cewa mai yakan yi ta tunkuɗowa da ƙarfin kansa, daga baya ƙarfin ya mutu, alhali abin da ya fito sau da yawa bai fi kashi 10 cikin 100 ba.

Matan Hausawa masu ƙuli-ƙuli sun san irin wannan aiki: ana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa, ana ɗiga mata ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har mai ya taso, amma tunkuzar ba ta rabuwa da maiƙo. Masu fetur ma da ruwa suka fara. A filin mai na Biradfod a Fensilbaniya ruwa ya tsiyaya cikin tsofaffin rijiyoyi, sai na kusa da su suka farfaɗo, kuma a 1921 doka ta halatta ɗura shi da gangan.

Ruwa dai ba ya haɗa hanya da mai, ratsa shi yake ya wuce. A 1972, a filin SACROC na Tekzas, aka fara tura iskar kabon dayoksaid da yawan gaske. Iskar tana narkewa cikin man, ya kumbura, ya tsinke, ya gudana. An kuma gwada sinadarai dangin sabulu masu kwance riƙon da dutse ya yi wa mai, sai dai suna da tsada, dutsen kuma yana shanye wasu. Da farashi ya karye a 1986, Amurkawa suka jingine yawancin wannan gwaji. Sinawa ne suka dage a filin Dacin: daga 1996 suna ɗura ruwan da aka sa wa kauri, daga baya suka haɗa da sinadaran sabulun. Kamfaninsu, CNPC, shi ke haƙo man Agadem da matatar Damagaram take tacewa tun 2011.

Abin da ke ci mini rai namu ne. Najeriya ta yi dokar mayar da iskar gas cikin rijiya tun 1979, aka sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙone ta, amma har yau wutar tana ci a Neja Delta. Rijiyoyin Oloibiri na 1956 sun daɗe a rufe. Kolmani kuwa, a iyakar Bauchi da Gombe, sai a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikinta, don haka akwai sauran damar tsara inda gas ɗinta zai tafi kafin mai ya fara gudana.