Na'urar ɗumama ruwan wanka: yaushe ake gyara, yaushe ake sauyawa

A Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, tankin ɗumama ruwa mai aiki da kuran ba ya aiki sai a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sauran watannin yana rataye a bangon makewayi, ruwa na kwance a cikinsa. Shi ya sa yawancin lalacewarsa ke bayyana a makon farko na hunturu, ranar da aka sake kunna shi.

Irin wanda aka fi gani a gidaje na ɗaukar lita 30, 50, 80 ko 100. Idan ana kula da shi, yakan kai shekara 10 zuwa 15. Shekarar da aka ƙera shi na kan ƴar takardar da ke manne a jikinsa, wani lokaci cikin lambar na'urar. Wanda ya sayi tsohon hannu ya kamata ya fara da duba nan, domin fenti na ɓoye shekaru.

Yawancin abin da ke tayar wa mai gida hankali gyara ne kawai. Idan ruwa ya daina zafi sam, ko ya zo da zafin da ke ƙona fata, laifin ƙarfen da ke dafa ruwan ne, wanda masu gyara ke kira rezistans, ko kuma tarmosta mai daidaita zafi. Duka biyun ana cire su a sa sabbi. Haka ma ƙara mai kama da tafasar tukunya: ƙanzon farar ƙasa ne ya taru a gindin tanki ya lulluɓe rezistans. Wannan ya fi damun garuruwan da ke shan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙanzon na rage yawan ruwan zafi, yana kuma ƙara kuɗin wuta, amma ana buɗewa a kankare shi. Ɗigon ruwa daga ƙaramin bawul ɗin tsaro da ke bakin bututun ruwan sanyi, a lokacin da na'urar ke ɗumamawa, ba lalacewa ba ce. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi, bawul ɗin kuwa aikinsa ke nan. Toshe shi ne haɗari, kuma akwai masu yin haka don kada bango ya jiƙe.

Tankin kansa shi ne ba ya gyaruwa. A cikinsa akwai wata sandar ƙarfe da ake kira anod, wadda tsatsa ke ci a madadin bangon tanki. Idan ta cinye ba a sauya ta ba, tsatsa ta koma kan tankin. Alamar farko ita ce jan ruwa daga pampon zafi kaɗai, alhali na sanyi na fitowa garau. Ta biyu ita ce laima ko zanen tsatsa a jikin tankin, ba a mahaɗar bututu ba. Da zarar ya huje, walda ba ta da amfani, domin rufin da ke kare cikinsa ya riga ya fashe, wani wurin zai sake ɓulewa. Tanki mai lita 80 kuwa, da ruwansa ya haura kilo 100 a saman kan mai wanka.

Idan wuta na tsinkewa duk lokacin da aka kunna shi, ko pampo na ɗan fizgar hannu, a kashe shi nan take, kada kowa ya yi wanka sai mai aikin lantarki ya duba rezistans da wayar da ke sauke wuta ƙasa. A na'urar da ta wuce shekara 10, wadda aka riga aka gyara sau biyu ko uku, kuɗin gyaran gaba gara a tara su a kan sabuwa.